Watannin da Baba Ya Kira Sunana

Shekarata talatin da shida a duniya ban taɓa jin sunana daga bakin Baba ba. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma laifi na yi masa ba. Ni ce 'yar fari, shi ke nan. A gidanmu kuwa, can cikin birni wajen Ƙofar Gayan, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, a can na girma. In Baba yana son a kira ni sai ya ce, "Ku kira mini waccan." In kuma ina tsaye a gabansa yana da magana, sai ya dubi ƙanena Zaharaddini ya faɗa masa, shi kuma ya juyo ya maimaita mini kamar ni kurma ce. Ranar da aka sa ni makaranta ma, an ce da hedimasta ya tambayi sunana shiru Baba ya yi, sai maƙwabcinmu ne ya amsa.

Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Haka na buɗe ido na gani, shi ma haka mahaifinsa ya yi masa. Sai dai Allah ya yi ni da ɗan banzan son tambaya. Tun ina ƙarama kakata take cewa in an ba ni tuwo sai na ji wanda ya nome dawar kafin in kai loma. Wannan halin ne ya kai ni koyar da kimiyya a wata firamare a Tudun Jukun, inda nake aure. Shi ne kuma ya hana ni zama lafiya a daminar bara.

Baba, Malam Idi mai ɗinki, aikin hannu yake yi a manyan riguna. Tun kafin a haife ni wurin zamansa ɗaya ne a zaure: kan buzu, jingine da bango, riga a cinya. Kowace Asabar nakan je gaisuwa, tsarin kuma bai taɓa canzawa ba. In durƙusa a bakin zaure in ce, "Baba, ina wuninku?" ya ce, "Lafiya," ba tare da ya ɗaga kai ba, in wuce cikin gida wurin Inna.

Ran wata Asabar, an ɗauke ruwa ke nan, na durƙusa na yi gaisuwata har na miƙe.

"A'a, Safiyatu! Saurin me kike yi? Shigo mana ki zauna."

Wallahi sai da na waiga in ga ko wata Safiyatun ce ta biyo bayana. Babu kowa sai akuyar maƙwabta. Na juyo, ga Baba ya ɗaga kai yana kallona ido cikin ido, har da murmushi. A ranar na san ashe haƙorinsa ɗaya na gefe ya fita. Na ɗofana a bakin tabarma, na rasa inda zan sa idona.

Yana cikin tambayata labarin yaran makaranta sai hannunsa na hagu ya zabura sama, gefen bakinsa na hagu ya murɗe, kamar wanda ƙuda ya sauka wa a kumatu. Kafin in ƙifta ido abin ya wuce, ya ci gaba da maganarsa daga inda ya tsaya. Kafin in tashi ya yi haka sau huɗu. Na duba zauren sarai ban ga ƙuda ko ɗaya ba.

A cikin gida na tarar da Inna tana tsintar shinkafa. Ita ma ba ta kiran sunana, amma ita ta samu dabara, "Malama" take ce mini tun da na fara koyarwa.

"Inna, me ya sami Baba?"

"Ke ma kin ji ko?" Ta rufe baki da gefen mayafi. "Yau kwana uku ke nan. Jiya a gaban baƙi ya faɗi sunan, har sau biyu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shi zai yi sallar azahar ya dawo yana tambaya ko an kira salla. Tsufa ne, Malama, a bar shi kawai."

Sittin da huɗu ba shekarun ruɗewa ba ne, tsufa kuma ba ya sauka cikin mako ɗaya. Zaharaddini kuwa, da yake shi ne babba a maza, ya riga ya yanke hukunci. Ya ce Baba ya ratsa ta gindin kukokin bayan ganuwa da tsakar rana, iska ce ta buge shi. Ya ɗauko malami aka fara ruƙiyya. Ban hana ba, addu'a ba ta yi wa kowa yawa. Na dai tambaye shi wace irin iska ce wannan da ta san hagu ba ta san dama ba. Ya ce, "Yaya, ke dai komai sai kin sa masa boko."

An yi sa'a muna dogon hutu, sai na fara zuwa kullum da hantsi. Nakan zo da gyaɗa a kwano da wani kwanon wayam, duk zabura ɗaya in jefa ƙwaya ɗaya. Baba ya ɗauka ci nake yi, har yakan miƙo hannu ya ɗiba ya ɓata mini ƙirga. Duk da haka ranar farko, daga hantsi zuwa azahar, na sami arba'in da bakwai.

Na sayi littafi na fara rubuta abin da nake gani. Kullum hagu ne, fuska da hannu tare. Ba ya wuce daƙiƙa uku. Ba faɗuwa, ba kumfa, ba cizon harshe, wato bai yi kama da farfaɗiyar da na sani ba. Wani lokaci kuma tsikar jikinsa takan tashi a hannun hagu kaɗai, na dama yana nan sumul. Wannan ya fi komai ɗaure mini kai, har na roƙe shi ya miƙo hannuwan biyu in jera in gani, ya miƙo yana dariya. Na kuma ɗauko rigar da yake aiki a kanta, aska takwas a farar shadda. Daga wuya zuwa tsakiyar aljihu ɗinkin Baba ne, ƙwaya-ƙwaya kamar an jera gero. Daga nan sai ka fara ganin zare ya yi tsalle nan, ya yi tsalle can, har inda ya tsaya abin ya koma na ɗan koyo. Na tambayi Inna yaushe ya kai tsakiyar aljihun, ta ce tun kafin Babbar Salla. Ashe ciwon ya yi kusan wata biyu yana aiki a hannu kafin ya kai ga baki.

Da na nuna wa Zaharaddini rigar ya ɗan sassauto, ya je wani kemis ya sayo maganin farfaɗiya. Aka sha mako guda gyaɗata ba ta ragu ba, sai ƙuraje da suka feso wa Baba a gadon baya. Aka daina.

To ga abin da ban rubuta a littafin ba: daɗi nake ji. Irin daɗin da ban san ina da wurin ajiye shi ba. Ashe Baba mutum ne mai ban dariya! Ya iya kwaikwayon tafiyar masu kuɗi in sun zo gwada riga, yadda suke tura ciki gaba su bar sauran jikin ya biyo baya. Ashe kuma shi ma matambayi ne. Ya tambaye ni me ya sa tsawa take zuwa bayan walƙiya, na yi masa bayani, ya ce shi tun yana yaro yake son ji bai sami wanda zai tambaya ba. Na ce a raina, ashe a nan na gado, kakata ta yi ta ɗora wa dangin Inna laifi a banza.

Wata rana ya ajiye allura ya ce, "Safiyatu, kin san inda na tafi ranar sunanki?"

"Sai kun faɗa, Baba."

"Ana shafa fatiha na sulale, don abokaina na nemana su yi mini tsiyar ɗan fari. Na je na hau ganuwa, wajen nan da ta zube, na zauna ni kaɗai. Na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Sai na faɗi sunan da ƙarfi, in ji yadda yake fita. Har sau uku. Ashe akwai wata mai tallar nono a ƙasa. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta gyara ƙwaryarta ta ƙara sauri."

Ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi, sannan na ce zan ɗebo masa ruwa, na je bayan ɗakin girki na sha kukana.

Washegari ya sake ba ni labarin daga farko, bai san ya bayar ba. Jibi ma haka. Na rubuta a littafi: yana tuna abin shekara talatin da shida, ba ya tuna jiya. Amma kullum ya ɗauko sai in gyara zama kamar ban taɓa ji ba.

Ina da ƙawa tun sakandare, Kezia, 'yar Wusasa, gadonmu ɗaya sama da ƙasa a makarantar kwana. Yanzu likitar ƙwaƙwalwa ce a wani babban asibiti. Na ce gani ya kori ji. Na ɗauki Baba a waya na minti uku, ya zabura sau biyu a ciki, na tura mata tare da hotunan shafukan littafina. Ko awa ɗaya ba a yi ba ta kira.

"Safiya, yana mantuwa?"

"Sosai."

"Halinsa ya canza?"

Na ce, "Yana kiran sunana."

Nan take ta gane, don ta san gidanmu. "Ki kawo shi gobe. Ban ce jibi ba. Ina zargin wani abu, in kuwa shi ne yana da magani."

"In ya warke zai koma yadda yake da?"

"Abin da muke fata ke nan."

Na ce to. Ban kai shi gobe ba.

Kwana tara na yi. Dalili kuwa ba ya wuya ga mai nema. Na ce a bari malam ya cika wasu kwana bakwai na ruƙiyya, kada Zaharaddini ya ga an raina shi. Na ce a bari ƙurajen su bushe. Na ce ina son in ƙara kwana biyu na ƙirga don likita ta sami cikakken bayani. Kezia ta kira sau uku, biyu ban ɗauka ba. Gaskiyar ɗaya ce, kuma na san ta tun a lokacin: in Baba ya warke zai sunkuyar da kansa kan ɗinki, ni kuma in koma waccan. Ina son ya warke, Allah shaida. Amma ina son a ɗan ƙara mini kwana ɗaya, kullum ɗaya tak.

Rana ta tara mun yi hira mai daɗi tun hantsi, duk da na lura ya daina taɓa allurar sam, yana ta juya zaren a yatsa. La'asar ta yi na tattara kwanonina na ce zan tafi. Ya dube ni da fara'a ya ce:

"Allah ya yi miki albarka, Safiyatu, kina da kirki. In kin koma gida ki gaishe mini da babanki."

Na tsaya da kwano a hannu.

"Baba, wane ne babana?"

Na ga yana nema, idonsa na yawo a fuskata. Sai hannun ya zabura, bakin ya murɗe, ya yi 'yar dariyar jin kunya ya ce, "Af, ya kuma ɓace mini. Mutumin kirki ne dai."

Tsoro ya kama ni, wanda ban taɓa jin irinsa ba. Da can kunyar ce kaɗai ta tafi, yana sane da ko ni wace ce. Yanzu ciwon ya wuce nan, ya fara cin abin da ake jin kunyar dominsa. Na shiga cikin gida na ce wa Zaharaddini gobe da safe ya fito da mota. Ya buɗe baki zai kawo zancen malam, na ce masa in ya ga dama ya zo da malamin a kujerar gaba.

Kezia ta karɓe mu da kanta. Ta durƙusa ta gaishe da Baba, sannan ta ce ya riƙe kalmomi uku, lemo da tsintsiya da jirgi, za ta tambaye shi an jima. Bayan minti biyar ko ɗaya bai kawo ba, bai ma tuna an ba shi ajiya ba. Ya zabura a gabanta, sai ta leƙa waje ta kira ƙananan likitoci. "Ku zo ku gani, wani sai ya yi ritaya bai taɓa ganin wannan da idonsa ba." Haushi ya so ya kama ni, an mai da ubana allo. Sai na tuna ni da kaina na jera hannuwansa ina kallo, na haɗiye haushina.

Aka ɗebi jini, aka ɗebi ruwa a gadon bayansa, aka sa shi cikin na'ura aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Da sakamakon farko ya fito ta kira ni ofis ta ɗora hoton a jikin haske.

"Kin san garkuwar jiki, kina koya wa yara. Sojojin da suke kashe ƙwayoyin cuta. To wani lokaci sukan yi kuskure, su ɗauki wani sinadari na jikin mutum a matsayin abokin gaba. Na Baba, ina kyautata zaton wani ne a ƙwaƙwalwa da muke kira LGI1. Ga inda suka fi kai hari, kin ga ya ɗan yi fari ya kumbura? Nan ne ake karɓar sabon abu a ajiye. Shi ya sa tsohon labari yake nan, sabo ba ya zama."

Ai kuwa ta taɓo mini son tambayata. Na buɗe littafina.

"Me ya sa Baba?"

"Ba mu sani ba. An fi ganinsa dai a maza waɗanda suka haura hamsin."

"Ana gado? Ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka, ba kuma ciwon da ke bin zuriya ba ne."

"Me ya sa hagu?"

"Wani dama ne, wani yana yin duka biyun. Ita zaburar 'yar gajeriyar farfaɗiya ce, kuma kusan tambarin ciwon ke nan. Sau da yawa ita take fara zuwa kafin mantuwa. Maganin farfaɗiya shi kaɗai ba ya kama ta, sai an kwantar da garkuwar."

"Tsikar jiki a hannu ɗaya fa?"

Ta ɗago ta dube ni. "Har wannan kin gani? Ita ma daga ƙwaƙwalwar take. Ga kuma gishirin jininsa ya yi ƙasa, shi ma yakan biyo ciwon. Gwajin da zai tabbatar ba a yin sa a nan, sai an aika da jinin, zai ɗauki makonni. Ba zan jira ba, yau za mu fara."

Na rufe littafin, don tambayar da ta rage ba ta rubutawa ba ce. "Zai warke?"

"Yawancinsu suna samun sauƙi sosai. Zaburar ce take fara tafiya, wani lokaci cikin kwanaki. Tunani yakan ɗauki watanni, da yawa kuma sukan rage da 'yar mantuwa har abada. Wasu yakan dawo musu, sai a sake magani. Babban abu shi ne a fara da wuri."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya mata zancen kwana taran nan, da ainihin dalilinsa, ban rage komai ba. Na ce, "Ki faɗa mini abin da na jawo masa."

Kezia ba ta iya lallashin ƙarya ba tun muna makaranta. Ta ce, "Ba zan ce bai yi komai ba, ba kuma zan iya auna miki shi ba. Ba wanda zai iya. Amma da ba don gyaɗarki ba, da har yanzu ana cewa tsufa ne." Ban ji sanyi ba, amma na gode mata.

Kwana biyar aka yi ana sa masa maganin ta ƙarin ruwa. Na koma ƙirgata a gefen gado, masu jinya suna ta kallona, wata har ta tambaye ni ko sayarwa nake yi. Ranar farko hamsin da biyu. Ta uku goma sha tara. Ta biyar huɗu. A mako na biyu na wuni da kwano a cinya ban jefa ko ɗaya ba, Baba ya cinye gyaɗar tas. Aka sallame mu da ƙwayoyi masu sa kumatu su cika, har Inna take cewa ya koma kamar sabon ango. Da sakamakon jinin ya iso, abin da Kezia ta zarga ne.

Hankalin a hankali ya riƙa dawowa, na kuma ga dawowarsa da idona. Da farko ya daina tambayar ko an kira salla. Sai ya ɗauki rigar nan ya duba aljihun, ya ja tsaki ya ce wane ɗan iska ne ya taɓa masa aiki, ya zauna ya warware. Sai hira ta fara gajarta. In na shigo yakan ɗaga kai, ya buɗe baki, sai ya tsaya kamar wanda ya tuna wani abu, ya mai da ido kan ɗinki. Hutu ya ƙare na koma makaranta, zuwana ya koma na Asabar. Ban iya cewa ga ranar ƙarshe da na ji sunan ba. Ni da na ƙirga komai, wannan ɗin ban rubuta ba.

Bayan wata uku muka koma ganin likita, ni da shi da Zaharaddini. Kezia ta ɗauko takardar gwaji da biro. Ya faɗi rana da wata da shekara daidai. Cikin kalmomi uku ya kawo biyu. Ta tambaye shi kwanciyarsa a asibiti, ya ce an dai gaya masa ya kwanta, shi abin da ya sani tun daga Babbar Salla har kaka kamar an yanke da almakashi. Ta ce hakan yakan faru, wataƙila kuma ba zai dawo ba. Na dubi ƙasa. Ke nan duk hirar zauren ni kaɗai ce da ita.

Ta nuna Zaharaddini. "Baba, wane ne wannan?"

"Zaharaddini ne, ɗana."

Ta nuna ni. "Wannan fa?"

Baba ya dubi bango. Ya gyara hularsa. Ya dubi takalminsa.

"Baba, ku dube ta da kyau. Mene ne sunanta?"

Baba ya ci gaba da kallon takalminsa. Na ga fuskar Kezia ta canza. Ta dubi takardar, ta ce a hankali, "Wannan bai kamata ya ɓace ba," ta kai biro za ta ba shi sifili. Na riƙe hannunta.

"Ki ba su makinsu. Sun gane ni."

Ta dube ni, ta dubi Baba wanda kunnuwansa suka kusa shigewa cikin hula, sai ta saki biron ta dafe kai. "Kai, ni Kezia! Boko ya cinye ni. Kakata har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan babana ba." Ta juya ta ce, "Baba, ku yi haƙuri. 'Ya'yanku nawa?"

"Bakwai."

"Babbar tana ina?"

Ya yi gyaran murya, idonsa a kan takalmi. "Tana kusa."

Zaharaddini ya fashe da dariya. Kezia ma ta yi, ta ba shi makinsa. Ni ma na yi dariyar, amma na yi murna kuma na yi rashi, duka a zama ɗaya.

Da suka fita karɓar magani ta tsayar da ni. Ta ce za a rage ƙwayoyin sannu a hankali, kuma a irin wannan lokacin ne ciwon yakan so ya dawo. Ba lallai ya dawo da zabura ba, yakan fara da mantuwa ko canjin hali, wanda na kusa ne kaɗai zai lura.

"Ke ce za ki fara sani, Safiya. Duk ranar da kika ji ya kira sunanki, kada ki zauna. Ko tabarma ya shimfiɗa miki kada ki zauna. Ki sa shi a mota."

Na ce, "To."

"Ba irin to ɗin wancan karon ba."

"Na ji, Kezia."

Na same su a wurin ajiye motoci, rana ta take. Baba yana tsaye jikin mota, ni ina gefensa, tsakaninmu bai fi taku biyu ba. Bai dube ni ba. Ya dubi Zaharaddini ya ce:

"Ka ce wa yayarka ta riƙa cin abinci. Ta rame da yawa. Wa ya sa ta wannan wahala haka?"

Zaharaddini ya juyo, ya gyara tsayuwa. "Yaya, Baba sun ce ki riƙa cin abinci."

Na buɗe musu ƙofar mota na riƙe har suka zauna.

"Ka ce musu na ji."